Alu Barkiya, Dillalin Shanu da Tafireta

Malam Alu Barkiya dillalin shanu ne, ubansa ma da sana'ar ya mutu. A kara, kasuwar shanu ta Dutsin-Ma, a shekarun saba'in, in ka hango wani gajere mai faɗin ƙirji ya cusa hannu a bakin saniya yana duba haƙoranta, yana kuma yi wa mai ita tsiya cikin raha, to shi ne. Bai taɓa taka ajin boko ba. Makarantar allo ma bai yi nisa ba, domin malamin da kansa ya riƙo hannunsa ya mayar wa ubansa, ya ce a kai shi wurin shanu, ga alama sun fi fahimtar juna.

Rantsuwa kuwa yana da ita kala-kala. Akwai wadda yake yi wa mai saye, akwai ta mai sayarwa, akwai kuma wata da ya keɓe don ranar da gaskiya yake faɗa, ita ce ba a cika ji ba. Duk da haka mutane na son ciniki da shi, saboda ko ya cuce ka sai ka koma gida kana dariya, kuma bai taɓa haɗa kowa da dabbar sata ba.

Aƙidarsa guda ce a duniya: duk abin da ba shi da nauyi, cuta ce. Da bokitin roba ya shigo kasuwa, Alu ya haramta shi a gidansa, sai matarsa Inno ta sayi nata ta ajiye a maƙwabta. Rediyonsa sai da hannu biyu ake ɗaga ta. Ko likita in siriri ne ba ya yarda da maganinsa.

'Ya'ya maza huɗu Inno ta haifa a jere kafin mace ta zo, aka sa mata Kande. Duk lokacin da mai unguwa ya zo neman yaran da za a sa firamare a Kurfi, Alu ya ba da namiji, sai yaron ya gudo kafin kaka. Da aka zo karo na biyar ya miƙa Kande, a ransa yana cewa za su ga mace ce su ƙyale shi ya huta. Ba su ƙyale ba, ita ma ba ta gudo ba. Ta gama firamare, ta wuce makarantar 'yan mata, Alu na ta jiran ranar da za ta gaji, har a shekarar 1981 ta zo ta durƙusa gabansa ta ce an ɗauke ta kwaleji a Kaduna, za ta koyi aikin sakatariya.

"Sakata? Ta ƙofa?" in ji Alu.

"Sakatariya, Baba. Mai buga takardu a ofis. Kuma an ce duk wadda ke da hali ta zo da tafiretarta, don ta riƙa koyo a ɗaki."

Maganar "mai hali" ce ta kama shi. Alu zai iya jure komai ban da a ce 'yar wani ta zo da abu, tasa ta zo hannu sake. Ranar kasuwa ya sallami cinikinsa da wuri, ya sa Kande a gaba suka nufi shagon Ernest.

Ernest Ibo ne, amma a Gusau aka haife shi, inda ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa, don haka Hausa a bakinsa ba ta da gyara. Ya tafi gida lokacin yaƙin basasa, ya dawo Arewa bayan an gama da akwatin kayan aiki, ya buɗe shago kusa da tasha yana gyaran tafiretocin ofisoshi da makarantu da kotu, yana kuma sayarwa. Alu ya san shi sama-sama, kuma tun ranar farko ya yanke cewa sunansa Anas, sauran haruffan ƙarin wahala ne.

"Anas, ga ɗiyata. Injin rubutu muke so, wanda ba na yara ba."

Ernest ya ba shi kujera, ya juya wajen Kande ya tambaye ta kwalejin da irin karatun. Sannan ya ɗora abu biyu a kan tebur. Na farko wata 'yar jaka ce mai mariƙi, da ya buɗe sai ga tafireta ja, sabuwa fil, jikinta roba mai sheƙi. Na biyu kuwa sai da ya yi nishi kafin ya cicciɓo ta daga ƙasa: wata uwar ƙarfe mai launin toka, faɗinta ya kusa cinye teburin, fentin gefenta ya goge saboda gwiwar hannun akawuna.

"Malam Alu, iri biyu ne," in ji Ernest. "Wannan ja ta gida ce. Masu yin ta sun yi ta don ɗalibi da mai 'yar wasiƙa jefi-jefi. Ba nauyi, za ta iya ɗauka zuwa aji ta dawo da ita. Amma ba ta son duka, kuma in wani abu ya karye sai na aika Kano, watakila a samu, watakila a rasa. Wannan kuwa ta ofis ce, a gwanjon gwamnati na same ta. An yi ta don a buga daga safe har yamma. Kayan gyaranta cike suke a akwatina. Amma inda aka ajiye ta, nan ne gidanta. Abin tambaya shi ne, ina za a ajiye ta, kuma wa zai ɗauke ta?"

Alu bai ji ko rabin wannan ba. Ya riga ya tashi, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga jar da yatsa biyu ya yi tsaki. Ya koma kan babbar, ya buɗe murfin sama, ya leƙa jerin ƙarafan nan masu haruffa, ya bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Haƙoranta sun cika," ya ce. "Ta ɗan manyanta, amma ba ta tsufa ba. Ta taɓa faɗuwa?"

"Ba ta iya faɗuwa, Malam Alu. Sai dai teburin ya faɗi."

Ya danna wani abu, kan injin ya zabura gefe, ƙararrawa ta yi ƙara. Alu ya ja da baya, sannan ya yi murmushi. Ya ɗaga bayanta ya leƙa ƙarƙashi, har yau ba wanda ya san abin da yake nema a wurin.

Ita Kande tun da aka buɗe jakar idonta bai bar kan jar ba. Ta riga ta ga kanta tana ratsa harabar kwaleji da ita a hannu. Ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ai ƙaramar ta ishe ni. Ɗakin kwanan a sama yake, kuma zan riƙa zuwa aji da ita."

"Ke mi kika sani? Wagga karsanar kwalliya ce, wata guda ta kwanta. Ga bajimin noma kina kallon abin wasa."

"Yarinyar tana da gaskiya," in ji Ernest. "Ita za ta yi aiki da ita."

"Anas, kai mai sayarwa ne, ni dillali ne. Duk abin da mai sayarwa ya yaba, na san akwai dalili."

Ernest ya ɗaga kafaɗa. Ribarsa ta fi yawa a kan babbar, kuma ta daɗe tana tare masa hanya a shago. Aka yi ciniki irin na kara, Alu ya fita shagon a fusace sau biyu ana kiran sa, ya rantse da kabarin ubansa cewa an yanke shi, sannan aka sallama.  Da suka isa ƙauyensu Barkiya, Kande ta shiga ɗakin Inno ta yi kukanta, Inno ta leƙa zaure ta ga abin da aka sauke daga a-kori-kura, ta ce, "Malam, injin niƙa ka sayo mana?"

Alu da kansa ya raka ta Kaduna. Inno ta naɗe tafiretar da tsohon zane saboda hanya. A tasha ɗan kamasho ya ce a ɗora ta saman mota tare da buhuna, Alu ya ce sai dai a ɗora shi. Ƙarshenta kujera guda aka kama mata, ta zauna tsakanin uba da 'ya. Wata tsohuwa da ta shiga a Kankara ta daɗe tana kallon ƙunshin, can ta taɓa Kande ta ce, "Sannu, 'yar nan. Asibiti za ku kai shi?"

A kwalejin, masu gadi biyu ne suka hau da ita bene suna hutawa a hanya. Teburin karatun ɗakin ya ɗauke ta na ɗan lokaci, sannan ƙafarsa ɗaya ta buɗe, don haka aka sauke ta ƙasa, a nan ta zauna har Kande ta gama karatu. A kan tabarma take bugawa, ta tanƙwashe ƙafa kamar mai tankaɗe. Kafin mako ya zagayo duk benen ya san tafiretar da sunan Bajimi, domin Kande ta yi kuskuren ba da labarin cinikin. In ta fara aiki, na ɗakin ƙasa sukan bugo silin da sandar tsintsiya.

Abokiyar ɗakinta Zipporah, 'yar Zonkwa, tana da irin ƙaramar nan, shuɗiya. Kullum da safe ta rataya abarta ta tafi aji, Kande ta bi ta a baya da littafi kawai. Wata rana Zipporah ba ta da lafiya ta ara mata. Yatsun Kande kuwa sun saba da Bajimi, wadda sai an doke ta take amsawa, saboda haka layi na uku ba ta kai ƙarshensa ba wani harafi ya lanƙwashe ya ƙi komawa. Suka zaga masu gyara a Kaduna, kowa ya ce babu kayan. Daga ranar duk takardar Zipporah da biro ake cike gurbin harafin, kuma sai da aka yi wata guda tana gaishe da Kande da hanci.

A hutun ƙarshen shekara ɓarayi suka shiga ɗakunan kwanan. Suka kwashe rediyo da dutsen guga da duk wata ƙaramar tafireta da aka bari, har da shuɗiyar Zipporah mai lanƙwasasshen harafi. Bajimi kuwa an same ta a bakin matakala, sun jawo ta har can sun haƙura. Wani ma ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashinta.

Ranar da labarin ya iso Barkiya, Alu bai ci tuwon dare a gida ba, yana zagaya zauruka. Ranar kasuwa kuwa duk wanda ya zo sayen sa sai ya fara jin tarihin tafireta. Ɓarayin da suka fara a su biyu suka zama bakwai, ɗaya ya karye a ƙugu. Da aka yi jarrabawa da manyan injinan ofis Kande ta ci da kyau, ya ƙara wannan a labarin. Zipporah ma ta ci, har ta ɗara Kande da maki, alhali ba ta da tafireta ko ɗaya a lokacin, amma wannan ɓangaren bai taɓa shiga bakin Alu ba.

Haka ya zama masanin tafireta na ƙasar Kurfi ba tare da ya san harafi ɗaya a jikinta ba. Wanda ya fara faɗawa hannunsa amininsa ne Yero, wani Bafulatani mai shanu a Birchi. Ɗan Yero, Dalhatu, yana makarantar koyon aikin gona a Zariya, an turo shi gida ya zagaya ƙauyuka yana tambayar manoma yana rubuta rahoto. Yaron ya ce ƙarama yake so wadda zai ɗaura a keke. Yero ya ce sai abin da Alu ya ce. Suka ɗunguma shagon Ernest, Ernest ya sake tambayarsa ta ina za a ajiye da wa zai ɗauka, Alu ya sake toshe kunne, aka fito da ƙanwar Bajimi.

Da damina ce. Dalhatu ya ɗaura ta a bayan keke da igiyar shanu. In ya hau, gaban keken sai ya ɗaga sama, don haka yawancin tafiyar turawa yake yi. Wata rana ya zo tsallake wani rafi tsakanin Birchi da wani ƙauye bayan an yi ruwa, ƙafar baya ta nutse a laka, keken ya kwanta, tafireta ta ja shi zuwa ƙasa. Dalhatu ya fito da ƙyar yana tofar da ruwa. Sai da aka kira masu noma a kusa suka sa igiya suka jawo keke da kayansa, kamar ana fitar da saniya daga rijiya. Takardun rahoton kuwa ruwa ya wuce da su.

Ernest ya kwance tafiretar gaba ɗaya, ya wanke da kananzir, ta tashi tana aiki kamar ba abin da ya faru. Alu ya ce to ai ga shi nan, da ta roba ce da tuni ta kai madatsar ruwan Zobe. Yero ya ce shi ɗansa ya kusa kaiwa Zobe. Ya daina gaishe da Alu, ya kai shanunsa wurin wani dillali, sai da Sallah babba ta zo dattawa suka haɗa hannunsu a filin idi. Dalhatu ya maimaita zangon karatu, ya sayar da injin ga wani mai rubuta takardun ƙara a bakin kotu, ya gama rahotonsa da biro. Alu bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, amma an lura labarin rafi ba ya cikin waɗanda yake bayarwa.

Sai shekarar 1983 ta zo da ciwon bushiya, annobar da ta shiga shanu. Wannan ba abin dariya ba ne, ko a bakin Alu. Garke guda sai ya kwanta cikin 'yan kwanaki, idanu na zubar da ruwa, baki ya yi gyambo. An hana yawo da dabbobi, kara ta zama fili. 'Yan shanun da Alu ya tara tsawon rayuwarsa suka mutu a gabansa, saura maraƙi ɗaya. Yero ya rasa fiye da rabin nasa, Alu ya je har Birchi suka zauna tare a gindin bishiya. Ga fari ya biyo baya, gero ya ƙi.

Mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa ba ya iya zaman gida. Inno ma ta ce in bai fita ba ɗayansu zai haukace. Sai ya riƙa hawa mota zuwa Dutsin-Ma ranar kasuwa kamar da, ya zagaya kara ya ga ba kowa, ya gangaro ya zauna a barandar Ernest, wai don inuwa. Ernest bai kore shi ba, yakan ma aika a sayo masa goro.

Wata rana wani manomi daga wajen Kurfi ya zo da ɗansa da zai tafi kwalejin kasuwanci. Ernest ya yi bayaninsa tsaf, manomin na kallonsa da idon rashin yarda, ya juya zai tafi. Alu ya kasa daurewa.

"Kai, bawan Allah, dawo. Anas, buɗe mini bakinta in gani."

Ya duba haƙora, ya leƙa ƙarƙashi, ya zagi Ernest a kan farashi, ya ja manomin gefe ya yi masa raɗa, ya dawo ya yi wa Ernest raɗa, ya saki rantsuwa biyu. Kafin la'asar an ɗaure kaya. Ernest ya miƙa masa la'adarsa ba tare da an tambaya ba.

Daga nan aka sa masa benci na kansa. Lokacin kuwa yaran ƙauye sun fara yawa a kwalejoji, kuma iyayensu ba su yarda da bayanin mai shago ba, amma sun san Alu, sun san iyakar ƙaryarsa. Ya raba hajar gida biyu, bajimai da karsana. Abin mamaki, ya fara sayar da karsanar ma. Yakan gyara zama ya dubi uban yaro ya ce, "Ni tambayata guda ce tun fil azal. Ina za a aje ta, kuma wa zai ɗauke ta?" In yaron mai zama wuri ɗaya ne kuma zai yi sana'ar bugu, a ba shi ta ofis ko ta sha jiki. In mai yawo ne, ko ɗakinsa a bene, ko karatunsa ba na bugu ba ne sai ɗan rahoto, a ba shi ta gida, a gargaɗe shi kada ya ara wa kowa.

"Malam Alu, wannan tambayar tawa ce," in ji Ernest wata rana bayan masu saye sun tafi. "Sau biyu na yi maka ita ka ƙi ji."

"Anas, kai faɗa kake yi, ni tambaya nake. Da bambanci."

"Wane bambanci?"

"Ni ana saye."

Ba kullum yake dacewa ba. Ya taɓa haɗa wani ɗalibin koyon Larabci da injin da ba ya rubuta Larabci, da aka dawo da ƙorafi ya ce ai yaron ne bai iya juya takardar ba. Ya kuma taɓa rantsewa cewa wata tafireta daga ofishin Razdan na zamanin Turawa ta fito, alhali Ernest daga wata makarantar mishan ya sayo ta. Ernest yakan shiga ciki ya rufe ƙofa in rantsuwar ta yi yawa, ya ce shi Kirista ne, kunnensa ba zai ɗauka ba. Alu ya ce shi ya sa aka raba aiki.

Kande ta dawo ta sami aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, inda ta tarar da injinan ofis irin wanda ta saba da shi, har sauran ma'aikata na leƙowa su ga mai bugun da ake ji daga bakin titi. Bajimi tana gidanta, 'yan unguwa na kawo takardun neman aiki tana buga musu. Amma da albashinta ya ɗan taru, sai ga ta a shagon Ernest ranar kasuwa, ta gaishe da ubanta a kan benci, ta wuce ciki ta nuna wata ƙarama, ja.

"Mi za ki yi da ita? Ba ga Bajimi ba?"

"Ba abin da zan yi da ita, Baba. So nake."

 Alu ya tashi ya duba haƙoran jar kamar yadda ya saba, ya taya, ya zagi Ernest, aka sallama. Da ta juya za ta tafi ya yi gyaran murya ya miƙa hannu. Kande ta dube shi.

"Baba, har ni?"

"Sana'a ba ta san ɗiya ba."

Ta ba shi la'adarsa tana dariya har da hawaye, shi kuma ya saya wa Inno turare da ita, abin da bai taɓa yi ba, har Inno ta tambaye shi ko wani laifi ya yi.

Bayan an ƙirƙiro jihar Katsina sababbin ofisoshi suka buɗe, aka fara kawo injina masu aiki da lantarki. A 1988 Ernest ya kawo ɗaya shago, fara, ya jona ta a bango. Alu ya buɗe murfi bai ga haƙora ba, sai wani ɗan faifai kamar marfin kwalba. Ga ta tana wani gurnani ita kaɗai ba a taɓa ta ba. Ya ɗora yatsa a kan harafi ɗaya don ya ji taurinsa, ta kwasa da gudu ta cika layi kafin ya janye hannu. Yana cikin salati aka ɗauke wuta, ta yi shiru.

"Ta mutu?"

"Sai an kawo wuta."

"In ba a kawo ba fa?"

"Sai a jira."

A makon nan wani Alhaji ya zo da ɗansa, yaron ya nace sai mai lantarki. Alhajin ya juyo ya ce Malam Alu me ka gani. Alu ya dubi injin, ya nemi rantsuwar da za ta dace da ita a cikin duk waɗanda yake da su, bai samu ba. Ya ce su tambayi Anas. Da yamma ya ce wa Ernest ƙafafunsa sun fara ciwo, hawa mota na ba shi wahala, ya ɗauki buta da sandarsa. Ernest ya ce bencin na nan ko yaushe.

Ya koma Barkiya yana dillancin awaki da tumaki a ƙananan kasuwanni, yana ƙorafin cewa dabbar da mutum ɗaya zai iya ɗauka ba ta cancanci rantsuwa ba. Ernest yakan zo a babur wata Lahadin bayan an tashi coci, da goro da burodi, Inno ta dama masa fura. A wata ziyarar ya ba shi labarin abin da ya gani a Legas: wani inji mai fuskar talabijin, kana bugawa rubutu na fitowa a gilashi, ba takarda, in ka yi kuskure ka goge ba alama.

Alu ya tauna goro.

"Shi ma akwai na ofis da na gida?"

"An ce akwai."

"Kuma ɗalibai za su so shi?"

"Sosai ma."

"To, uban wani zai sha ƙarya," in ji Alu, cikin jin daɗi da ɗan hassada. "Allah ya sa dillalin ya iya."

Bai ga injin da idonsa ba. Ya rasu bayan kakar 1989, bayan gajeriyar jinya, aka binne shi a Barkiya. Ernest ya rufe shago ya zo da aron babbar riga, ya tsaya daga bayan sahu har aka gama, ya zauna zaman makoki tare da 'ya'yan kamar ɗan gida. Masu zuwa gaisuwa daga Dutsin-Ma suka kasu biyu, Fulani da mahauta a tabarma ɗaya, akawuna da malaman makaranta a ɗaya, kowane ɓangare na mamakin abin da ya kawo ɗayan.